Jan rai da ƙarshen ba-zata: amsa ga marubuciyar da masu karatu suka yi wa ca

Wata matashiyar marubuciya, daga cikin masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, ta aiko da tambaya. Ta ce a labarinta na farko, tun daga shafi na 5 masu karatu suka gano inda za a ƙare, suka riƙa faɗa mata. Da ta zo na biyu sai ta sha alwashin ɓoye komai. Labarin gidan wani Alhaji ne mai mata biyu. Wata guda da tarewar amarya aka nemi gwal ɗin lefenta sama ko ƙasa aka rasa, kowa ya ɗora wa uwargida, aka yi ta rigima har shafi 40. A shafin ƙarshe ta bayyana cewa wani ƙanin direban gidan ne ya haura katanga ya ɗauke. Ba wanda ya canka, amma maimakon yabo sai ƙorafi ya biyo baya, wasu har da cewa ta raina musu hankali. Tana so ta san yadda ake riƙe mai karatu har ƙarshe, a kuma ba shi mamaki, ba tare da ya gano tun da wuri ba, ba kuma tare da ya ji an cuce shi ba.

Ƙanwata, ki yi haƙuri da abin da zan fara faɗa: masu karatunki suna da gaskiya. Shafi 40 suna auna mutanen gidan nan ɗaya bayan ɗaya, suna musu da junansu a kan uwargida da 'yar aiki da uwar miji, sai kika ɗauko wanda ba su taɓa jin sunansa ba kika ce shi ne. Ba wanda zai iya canka wannan, don babu abin da za a canka da shi. Wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox, wanda shi ma marubucin labaran bincike ne, ya tsara ƙa'idoji goma na irin wannan rubutu a 1929, kuma ta farko cikinsu ita ce dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun a farkon labari. Wasu daga ƙa'idojinsa sun tsufa, wasu ma da wasa ya faɗe su, amma wannan tana nan daram.

Sai dai matsalar ta fi ƙanin direba zurfi. Kin ɗauka da ɓoye abu ake jan ran mai karatu. A mafi yawan lokuta da nuna masa abu ake ja.

Alfred Hitchcock, mai ba da umarni a fina-finan tsoro da fargaba, ya yi wa François Truffaut, wani mai shirya fina-finai ɗan Faransa, bayanin wannan a doguwar hirar da suka yi a 1962. Ya ce a ɗauka mutum biyu na zaune a teburi suna hira, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashinsu. Mai kallo zai firgita na daƙiƙa 15, shi ke nan. To amma a ce tun farko an nuna wa mai kallo lokacin da aka ajiye bam ɗin, an gaya masa ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata. Hirar nan da ba ta da wani armashi sai ta zama abin da ba a iya ɗauke ido daga kanta, har mai kallo ya ji kamar ya yi musu ihu su tashi. An samu minti 15 na zulumi a maimakon daƙiƙa 15 na firgita.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. Ki tuna littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar a 1937. Sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makirci don a fito da Musa ɗan sarki daga gida, aku kuma yana tsare shi da labari bayan labari har gari ya waye. Me ya sa muke ɗokin jin ko akun zai sake samun wani labarin? Don mun riga mun san abin da ke jiran Musa a waje, shi kuwa bai sani ba. Da an ɓoye mana makircin waziri sai a ƙarshe, da labaran sun zama tatsuniyoyi ne kawai a jere.

Saboda haka abu biyu ne a hannunki, kuma kowanne da aikinsa. Akwai sirrin da za ki ba mai karatu ki hana taurarin labarin, shi ke kawo zulumi. Akwai kuma wanda za ki riƙe har ƙarshe, shi ke kawo ba-zata. Labarinki na biyu ya riƙe duka, shi ya sa shafukan tsakiya suka zama cacar baki zalla.

Bari mu taɓa labarin naki mu gani. Ba dole ki ɗauki nawa ba, misali ne.

A ba da labarin ta idon 'yar aiki, yarinya 'yar shekara 14 da aka kawo daga ƙauye. Tana shiga kowane ɗaki, tana jin komai, ba ta fahimtar rabin abin da take ji, kuma ba wanda yake sassauta murya saboda ita. Da safe tana shara a bayan ɗakin janareta sai ta tsinci akwatin gwal ɗin, wayam ba komai a ciki. Ta san in aka gan shi a hannunta ta shiga uku. Ta ji motsi, ta ruga ɗakin da ya fi kusa, ta cusa shi ƙarƙashin gadon uwargida da niyyar ta dawo ta ɗauke, sai aka kulle ɗakin. Da yamma uwar miji, Hajiya, ta yanke hukunci: ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci dangin amarya za su zo a bincike kowane ɗaki, kuma duk wadda aka samu ko da ɗan kunne ɗaya a wajenta ta bar mata gidan ɗa. Yau Talata.

Kin ga yanzu mai karatu yana riƙe da abin da Hajiya da amarya da uwargida ba su sani ba. Akwai akwati ƙarƙashin gado, akwai ranar da za a ɗaga gadon, akwai kuma mace mai 'ya'ya huɗu da aurenta ke rawa a kan abin da ba ta aikata ba. Duk sanda uwargida ta aiki yarinyar ɗakin, zuciyar mai karatu za ta buga: yau za ta samu ta fitar da shi? Sai ta tarar da yaro kwance a kan gadon ba shi da lafiya. Gobe ta samu shiga, har ta sa hannu, amarya ta ƙwala mata kira. Ba ki ƙara ko mutum ɗaya a labarin ba, ba a yi hatsarin mota ba, ba a ɗauko bindiga ba, amma kwana uku sun cika da abin karantawa.

Ki lura da abin da ya sa wannan ya yi aiki, don ba akwatin kaɗai ba ne. Wa'adin Juma'a ya sa lokaci yana ƙarewa. Abin da za a rasa kuma a fili yake, aure ne da 'ya'ya. Sannan dole mai karatu ya damu da uwargida tun kafin a zo nan, in ba haka ba ko a kore ta ko a bar ta duk ɗaya ne a wajensa. Wannan na ƙarshen shi marubuta suka fi tsallakewa. Ba sai kin mai da ita waliyyiya ba. Ya isa mu ga ta ajiye wa 'yar aikin nan tsokar nama a ƙasan tuwo inda ba wanda zai gani, ko da kuwa bakinta da kaifi.

To wa ya ɗauki gwal ɗin? A nawa tsarin, Alhaji ne da kansa. Kasuwa ta juya masa baya tun kafin bikin, ya ƙi yarda kowa ya sani, ya karɓo gwal ɗin bashi don a fita kunyar lefe, mai gwal ya matsa masa lamba, ya lallaɓa da dare ya kwashe ya mayar. Mutum ne da yake cikin kowane shafi, yana zaune a tsakiyar rigimar yana ba kowa haƙuri, kuma ba wanda ya kalle shi, don wa zai zargi mai gida da satar abin da shi ya saya?

A nan aikin gaske yake. Ba-zata mai kyau sai an shuka ta tun daga farko, kuma a fili ake shuka ta, a idon mai karatu. Dabarar ita ce kowace alama ta kasance tana da fassara biyu: wadda mai karatu zai ɗauka nan take saboda inda hankalinsa ya riga ya karkata, da ta gaskiya wadda sai daga baya zai gane. Alhaji ya hana a tada janareta da dare, ya ce ƙararsa na hana shi barci; za a ce tsufa ne ko rigima, ashe kuɗin mai ne babu. Wayarsa in ta yi ƙara sai ya fita ƙofar gida ya amsa. Amarya ta ɗauka wata yake nema, mai karatu ma ya bi ta, ashe mai gwal ne. Ƙanin amarya ya ce a kira 'yan sanda, Alhaji ya ce ba za a tona asirin gidansa ba. Ga yadda ɗaya daga cikinsu za ta iya zama a shafi:

Hajiya ta ture kwanon gabanta ta ce, "Tunda abin ya zama haka, a ɗauko Alƙur'ani kowa ya dafa."

Alhaji ya ajiye cokali. "Haba Hajiya, a kan abin duniya? A bar maganar nan, ni zan saya mata wani."

Amarya ta taɓo ƙanwarta da gwiwar hannu. "Kin ji ko? Kare ta yake yi."

Uwargida na tsaye bakin ƙofa da tire a hannu. Ta dubi Alhaji, shi bai ɗago ba. Ta kwashe kwanukan ta fita.

Duk wanda ya karanta wannan karon farko zai tafi da maganar amarya, domin ita ta yi masa fassara, kuma fassarar ta yi daidai da abin da ya saba gani a labaran kishiyoyi. Ba ki yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Amarya ce ta yi kuskure, kuma kuskuren da ya dace da halinta. Ran da gaskiya ta fito zai dawo wannan shafin ya ga Alhaji kansa yake karewa, ya ga kuma kallon da uwargida ta yi masa.

Wannan kallon ne ma ya fi gwal ɗin daraja a wajena. In za ki bi shawarata, babbar ba-zatar labarin ita ce uwargida ta sani tun daren farko. Shekara 15 tana tare da mutumin nan, ta san yadda tafiyarsa take in yana cikin bashi. Ta yi shiru ana zaginta don ta rufa masa asiri a gaban mahaifiyarsa da surukansa. Sanin wanda ya ɗauka yana amsa tambaya ne kawai. Sanin cewa ta sani yana sauya ma'anar duk shirun da ta yi a tsawon shafi 40, wanda mai karatu ya ɗauka na rashin gaskiya ne ko na girman kai. Irin wannan ƙarshen ne ke sa mutum ya koma shafi na 1, kuma shi nake auna kowace ba-zata da shi: in an sake karanta labarin bayan an san ƙarshen, ya ƙara daɗi ko ya zube?

Akwai iyaka ɗaya da ba a ƙetarewa, kuma ita ta sa na zaɓi idon 'yar aiki. In kika shiga zuciyar Alhaji kika rubuta cewa ya kwana yana tunanin ko wane azzalumi ne ya yi masa wannan aika-aika, kin yi ƙarya, kuma mai karatu ba zai yafe ba. Haka in kika shiga zuciyar uwargida shafi bayan shafi ba ta taɓa tuna abin da ta sani ba. Marubutanmu na intanet suna yawan faɗawa wannan ramin saboda sabon tsalle daga kan wannan zuwa zuciyar wancan a sakin layi ɗaya. Wanda yake riƙe da sirrin, kada ki shiga zuciyarsa, ki tsaya a kan abin da ake gani da ji: abin da ya faɗa, abin da ya yi da hannunsa, inda ya kalla. Taurari suna da damar yin ƙarya da bakinsu yadda suka ga dama, mai ba da labari ne ba shi da ita. Agatha Christie, marubuciyar labaran bincike 'yar Ingila, ta taɓa matsawa har bakin wannan iyakar a wani littafinta na 1926, inda mai ba da labarin da kansa ne ya yi kisan. An yi ta musu a kan ko ta yi adalci, amma masu kare ta sun nuna cewa bai faɗi ƙarya ba, tsallake wasu mintoci kawai ya yi. Na bar sunan littafin don kada in ɓata wa wanda bai karanta ba. Wannan aikin gwanaye ne, ban ba ki shawarar farawa da shi ba.

Su kuwa ƙarshen da aka gaji da su, kin san su: ashe mafarki take yi, ashe tagwaye ne, ashe an musanya jariri a asibiti, ashe talakan nan ɗan hamshaƙin attajiri ne ya ɓad da kama. Ban ce haramun ne ba, amma mafarki dai ki bar shi, don yana gaya wa mai karatu ne duk damuwar da ya yi ta banza ce. Aljani da asiri kuma, Knox ya hana su gaba ɗaya, ni ban bi shi nan ba. Suna cikin duniyar da masu karatunmu suka yarda da ita, kuma an yi labarai masu kyau da su. Sharaɗin dai shi ne mu san tun da wuri cewa a wannan labarin irin haka na faruwa. Aljanin da bai tashi bayyana ba sai da marubuciya ta rasa mafita, shi da ƙanin direba duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Sai maganar inda ake yanke shafi, tunda kullum kike saki. Wannan ma tsohuwar sana'a ce. Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya da ita ta tsira da ranta, marubutan adabin kasuwar Kano kuma da ita suka riƙa sa mutane komawa kasuwa neman littafi na biyu da na uku. Kowace tambaya da kika buɗe bashi ce kika ci a wajen mai karatu, kuma mai ba da bashi yana ƙara bayarwa ne in ya ga ana biya. Ki riƙa biyan ƙananan da wuri: shafin yau ya amsa wani abu daga na jiya kafin ya buɗe sabo. Babban ne kaɗai ake kaiwa ƙarshe. Abin da ke kashe amana shi ne ƙararrawar ƙarya, a rufe shafi da "sai ta yanke jiki ta faɗi", gobe a ce jiri ne kawai, jibi a sake sumar da wata. Sau biyu za ki yi wannan su daina tsorata. Kuma ba dole sai da ihu ake rufewa ba. Shafin da ya ƙare da 'yar aiki ta yanke shawarar gobe da asuba za ta gaya wa uwargida gaskiya ya fi suma goma riƙe mutum, don yanzu yana jiran abu takamaimai, yana kuma tsoron abin da zai biyo baya.

In gajeren labari ne, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, inda kalmomi ba sa wuce 1,500, sirri ɗaya ya ishe ki, da alama biyu ko uku. Fili ba zai ɗauki fiye da haka ba.

Idan gaskiya ta fito, kada ki daɗe. Kuskuren da na fi gani a rubuce-rubucen da ake kawo mini dubawa shi ne a tara kowa a falo, mai laifi ya share shafi uku yana bayanin yadda ya yi da dalilinsa, sannan wani dattijo ya yi wa'azi. In kin shuka alamunki da kyau, abu kaɗan zai tona komai. Ran Juma'a an ɗaga gado, an ga akwati, Hajiya ta ce uwargida ta haɗa kayanta, ita kuma ta miƙe ba ta ce uffan ba ta fara ninke zannuwa. A nan Alhaji zai yi magana ko ba zai yi ba, kuma wannan zaɓin nasa shi ne ƙololuwar labarin. Jimla biyu daga bakinsa sun isa. Janareta da waya da maganar 'yan sanda, mai karatu zai haɗa su da kansa, kuma daɗin da zai ji na haɗawar ya fi duk bayanin da za ki yi masa.

Game da labarinki na farko da aka gano tun shafi na 5, ban ɗauke shi babbar asara ba. A cikin mutum ɗari da ke musu a kan labari, dole wani ya faɗi daidai, ko da da ka ne. Wanda ya canka ma yakan ci gaba da karatu don ya ga ko ya yi daidai, da kuma yadda abin zai fashe. Abin da zan hana ki shi ne sauya ƙarshe a tsakiyar tafiya don kawai wata ta gano. Ina kyautata zaton haka ƙanin direba ya samo asali. Duk alamun da kika shuka suna nuna wuri ɗaya, in kika kauce sun zama shara.

Maganin wannan tun kafin a fara saki ake yin sa. Ki samu takarda ki rubuta abin da ya faru a zahiri, bi da bi, daga ran da kasuwar Alhaji ta fara karyewa har ran Juma'a, da wanda ya san me a kowace rana. Wannan takardar ba mai ganinta sai ke. Daga ita za ki tsara me mai karatu zai sani, a wane shafi. Ki rubuta shafin ƙarshe kafin na farko ya fita. Sannan ki ba mutum biyu ko uku da ba sa jin nauyinki su karanta, ki tsayar da su in sun ci kashi uku cikin huɗu, ki tambaye su wa suke zargi da kuma dalili. In duk sun ce Alhaji, alamunki sun yi ƙara da yawa, ki rage ɗaya ko ki matsar da ita kusa da wata rigima da za ta ɗauke hankali. In kuwa sun gama ba wanda ya iya nuna miki wuri ɗaya da ya kamata ya gane, ki koma ki ƙara.